Lakar Teku da Sunan 'Yar Fari

Damina ce, amma irin wadda ba ta san inda ta dosa ba. Ruwa ya sauka da wuri a shekarar, masu 'yan gonaki a bayan Dutse Alhaji suka yi shuka, sai ya ɗauke har masara ta yi yaushi. Da ya dawo kuma ya dawo da fushi, kwalbatin layinmu ya tumbatsa, a Kubwa ruwa ya shiga ɗakunan mutane har gwiwa. Duk wanda ka gani a kasuwa ransa a jagule yake. Ni ma haka nake, sai dai nawa dalilin daban. 'Yata ta fari tana da tsohon ciki a ƙasar Jamus, an aiko min da takardun tafiya in je in yi mata wankan jego, ni da ban taɓa hawa jirgin sama ba.

Ba zan rubuta sunanta ba tukuna. A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta janyo shi jiki a gaban mutane. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na taso na gani, haka na zo da shi Abuja. Ƙannenta suna ce mata Yaya, ni kuma ina cewa Yayarsu. Idan ina son ta zo, "ke" ta ishe ni. Shekara talatin da biyu muna haka.

Abin da na sani game da aikinta shi ne tana karatun lakar teku. Ni shinkafa 'yar gida nake sayarwa, tsintacciya, kuma matan da muke jere da su ba su gajiya da tsokanata. "Maman Yaya, laka ta ƙare a Dutse ne sai an je Turai? Ki aika mata da ta kwalbatinku mana." Nakan yi dariya in ce ai kun san yaran yanzu. A raina kuwa daɗi nake ji.

Zangon farko wani babban filin jirgi ne a ƙasar Larabawa, inda za mu canza jirgi. Gari guda ne a rufe, ba rana ba inuwa, ko'ina fitila da rubutu. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, na yi shi ina da 'ya'ya huɗu, kuma malamarmu ta koya mana mu ɗora yatsa a kan kalma mu faɗe ta da baki. Har yau ban iya karatu a zuci ba, duk inda idona ya sauka bakina sai ya bi. To ina tsaye ina karanta lambar ƙofa a fili sai na ji sallama a bayana.

Wani dattijo ne cikin farar shadda da hula, fuskarsa da kamala. "Hajiya, sannu da hanya. Daga Abuja ko? Ai ni ɗan Tungan Maje ne. Allah mai iko, ka ga 'yar gida a nan."

Jin Hausa a wurin nan ya sa na ji kamar an sauke min kaya. Ya duba tikitina ya girgiza kai ya ce an canza ƙofar jirginmu. Ya ce in kawo wayata ya je wancan tebur a haɗa min ita da layin ƙasar, don in samu in kira 'yata. Ya zaunar da ni a kujera ya ce kada in motsa. Ban motsa ba. Ni mai haƙuri ce, kowa ya shaide ni da wannan, ranar kuwa haƙurin ne ya cuce ni. Na zauna ina duban hanyar da ya bi har aka daɗe, ina ce wa raina layi ne ya yi masa tsawo. Kafin in yarda cewa ba zai dawo ba, jirgina ya tashi.

"Mama, lafiya kake kuka?"

Wata mata ce mai gajeren gashi da sarƙar gicciye a wuya, Hausarta irin ta mutanen Filato. Na ce mata ba kuka nake ba, sanyin wurin ne ke sa min hawaye. Ta ce, "To sanyin ya sace maka wani abu ne?" Sai na ba ta labari. Sunanta Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce a Turai, ta taɓa zama a Kubwa shekara biyar. Ta zagi mutumin zagin da ni ba zan iya maimaitawa ba. Ta ja hannuna daga tebur zuwa tebur har aka samar min jirgin washegari, ta saya min shayi, ta cire rigar sanyinta ta yafa min. Sannan ta tambaya ko ina da lambar 'yata a wani wuri. Ina da ita, na rubuta da hannuna a takarda na ɗaure a bakin zane.

Ta kira ta miƙo min. Na shirya muryata, na ce, "Ke, ni ce."

Wata murya ce ta amsa, ta tsohuwa, da Turanci. Na mayar wa Rifkatu wayar. Ta saurara, fuskarta ta canza, sannan ta washe baki. "Mama, barka! An yi mata aiki ɗazu, an samu mace. Duk suna lafiya. Wannan ogarta ce a wurin aiki, ita ta kai ta asibiti, ita ke riƙe da wayarta."

Na yi hamdala, na sake yi. Amma ba zan ɓoye ba, a ƙarƙashin hamdalar wani abu ya soke ni. Wace ce wannan da ke riƙe da wayar 'yata a ranar da ni ya kamata in riƙe hannunta?

Zango na biyu Jamus. Masu duba kaya suka buɗe jakata suka jera komai a tebur. Ganyen darbejiya da na runhu da na shanya don wanka, kilishi, daddawa, ƙaurin da na soya na busar da kaina. Ba su yi min tsawa ba, a hankali suke magana, suna sa kayan a wata leda ɗaya bayan ɗaya. Da ɗan Turancina na kasuwa na yi ta cewa na mai jego ne. Suka ce doka ce. Kanwa kawai suka bar min bayan sun juya ta sun shinshina, sai yaji.

A bakin fita mutane na ɗaga kwalaye da sunaye. Idona ya sauka kan ɗaya, bakina ya bi: "Ha-bi-ba." Sunana ne, mai riƙe da shi kuma ta ji ni. Doguwar tsohuwa ce, gashinta fari fat, ta sa wando da takalmin maza. Kafin in gyara tsayuwa ta rungume ni kamar tare muka tashi. Ta nuna ƙirjinta ta ce Birgit. Ita ce farfesar da ta koyar da Yayarsu, ita ce mai muryar.

Tafiyar mota ce mai nisa zuwa garinsu na bakin teku. Tana tuƙi tana magana a hankali don in gane, kuma duk jimla biyu sai ta kira sunan Yayarsu. Sunan da mahaifinta ya raɗa mata a kunne, wanda na ajiye shekara talatin da biyu ban taɓa da harshena ba, ga shi a bakin baƙuwa tana juya shi kamar alawa, ko daidai ba ta faɗarsa. Ta ce tana riƙe da hannunta har aka shiga da ita ɗakin aiki. Ta ce ita aka fara miƙa wa jaririyar kafin mijin ya iso daga wurin aikinsa. Ta ciro waya ta nuna min hoto: jikata a ƙirjinta. Na ce ma sha Allah. Na juya na kalli gonakinsu ta taga.

A asibiti na tarar da Yayarsu kwance, ta rame, idonta ya faɗa. Ta ce, "Mama, sannu da zuwa. Kin sha wahala." Na tsaya daga ƙafar gado na ce, "Ke ce da sannu. Allah ya raya." Na ɗauki jaririyar, ita ba kunya tsakaninmu, na ce mata kishiyata ta zo ƙwace min miji ko, to mijin ya riga mu gidan gaskiya. Ina cikin wannan wasa Birgit ta wuce ni, ta zauna a bakin gado, ta shafa goshin Yayarsu, ta sumbace ta. Yayarsu ta lumshe ido ta kwantar da kanta a hannun matar. Ban taɓa ganin wannan fuskar tata ba, ko tana yarinya.

Da aka sallame mu muka koma gida, sai na gane na zo aikin da babu shi. Likita ya hana wankan ruwa mai zafi saboda ɗinki. Kunun kanwa kuma Yayarsu ta ce, "Mama, an ce kada in sha." Na ce wa ya ce? Ta ce likita, kuma Birgit ma ta karanta ta gani. Haka take kiranta, gatsau, ba madam ba farfesa. Mijinta Kabiru yaron kirki ne, yana durƙusawa ya gaishe ni in amsa ina duban bango, shi ya koya min kunna murhunsu. Amma Birgit tana da makullin gidan. Takan shigo da rana ɗauke da tukunyar miya fara sol, ba manja ba barkono, ta buɗe kabad ta ciro kwano ba tare da ta tambaya ina yake ba. Ni kuwa ko cokali sai na yi ta lalube. Yayarsu takan shanye miyar. Tuwon da na tuƙa da garin semo takan ci loma uku ta ce ta ƙoshi.

Garin shiru ne kamar an yi rasuwa. Ba kiran salla, ba ƙarar babur, ba mai tallan ruwa. Rana ba ta faɗuwa sai ta ga dama, sai da Kabiru ya rubuta min lokutan salla a takarda. Ruwan sama ma idan ya zo ba ya magana, yayyafi ne a jikin gilashi. Na yi kewar rufin kwanona.

Ranar suna Kabiru ya raɗa wa yarinya sunana, za a riƙa ce mata Ummi. Na ji daɗi ƙwarai. Da azahar aka yi 'yar walima a falo, abokan aikinsu suka zo, fararen fata da Indiyawa da wasu 'yan Afirka. Ummi tana hannun Birgit tun shigowarta. Na zauna a kusurwa ina cewa a raina, ni an ba ni suna, ita an ba ta yarinya.

Bayan an ci abinci Birgit ta miƙe da kofin lemo ta yi jawabi. Na tsinci abin da na iya tsinta. Ta ce ta koyar da ɗalibai da yawa amma ba ta taɓa ganin mai hannu da haƙurin wannan ba. Ta ce ita ba ta haihu ba, amma da za a ba ta zaɓi wannan za ta zaɓa. Aka tafa. Sai ta juyo gare ni tana murmushi, kowa ya juyo.

"Mama, ba ki alfahari da ita?"

A gida ina da amsar wannan tambaya tun kafin a yi ta. Ko a biki ko a kasuwa aka yabi ɗanka na fari, kai sai ka kushe shi, mata su kwashe da dariya, kowa ya san abin da ke ƙasa. Na kawar da kai, na haɗa Turancina na ce, "Wannan? Ba ta iya komai ba. Ko tuwo ba ta iya tuƙawa ba."

Na jira dariya. Ba wanda ya yi. Wata Ba'indiya ta sunkuyar da kai cikin farantinta. Kabiru ya fara bayani yana in-ina. Kuma don in faɗi gaskiya, tunda rubutu nake, ba kunya kaɗai ta fito da maganar ba. Ta fito da kaifin da ba na sa mata a gida. Na so matar nan ta san cewa akwai wadda ta isa ta faɗi haka, kuma ba ita ba ce.

Yayarsu ta miƙe a hankali tana dafe da cikinta, ta shiga ɗaki. Birgit ta miƙa wa Kabiru jaririya ta bi ta. Ni na zauna, don ban san yadda uwa ke bin 'yar fari ɗaki ba.

Da baƙi suka watse na kai mata ruwan ɗumi. Tana zaune tana shayarwa, ba ta ɗago ba.

"Mama, a gida na gane. Tun ina ƙarama na gane. Amma nan ba gida ba ne."

Na ce, "Ai kin san al'ada ce."

"Na sani. Ranar da na ci jarrabawa kin ce sa'a ce. Ranar da na samu gurbin karatu kin ce Allah ya sa kada in ba ki kunya. Duk na sani. Ko sau ɗaya ne, Mama, ko a ɗaki, ba kowa." Ta gyara wa Ummi kwanciya. "Idan zaman ya yi miki nauyi, Kabiru zai iya dawo miki da tikiti baya. Ba sai an yi arba'in ba. Birgit za ta taimaka mana."

Na ce, "To." Na ajiye kofin na fita.

Wannan "to" ta fi satar waya ciwo. Na san idan na koma Dutse kafin arba'in, matan kasuwa za su tambaya in yi musu ƙarya, wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne za mu koma gaisuwar waya ranar Juma'a, Ummi ta tashi da sunana ba ta san ƙamshin zanena ba, wata ta zama kakarta. Kwana huɗu muna gaisawa kamar maƙwabtan haya. A na biyar Kabiru ya ce, yana duban ƙasa, akwai jirgi ranar Lahadi, in na yanke shawara in gaya masa.

A ranar Birgit ta zo ba tukunya. Ta ce ni ta zo ɗauka. Na so in ce ba ni da lafiya, amma ban iya ƙin mutum a fuskarsa ba. Na yafa mayafi na bi ta ina cewa a raina, yau za a nuna min gidan da aka ƙwace min 'ya.

Wani dogon gini ne kusa da tashar jiragen ruwa. Ta ba ni riga mai kauri, ta tura wata ƙofar ƙarfe, sanyi ya buge ni. Ɗaki ne da ya fi rumfunan layinmu duka, kanta-kanta har sama, kowace kanta cike da dogayen bututu. Ta jawo ɗaya ta ɗora a tebur ta buɗe. An tsaga shi biyu a tsaye kamar rake, cikinsa laka ce a kwance, layi-layi.

Ta yi min bayani da baki da hannu. Suna fita da jirgin ruwa makonni, inda ba a ganin ƙasa ko ta ina. Su zura bututun ƙarfe mai nauyi da igiya har gindin teku, ya nutse cikin laka, su jawo shi da abin da ya haɗiya. A can ƙasa ba mai tono ba mai shara, duk abin da ya sauka yana kwanciya a kan na jiya. Saboda haka na sama shi ne na kwanan nan, na ƙasa na zamanin da ba wanda ya san sunan kakanninsa. Tsawon yatsa ɗaya kan iya zama shekaru ɗaruruwa.

Ta ɗauko taswira ta nuna inda aka ciro wannan, gaban bakin kogin Neja. Ta ce, "Ruwan garinku ina yake zuwa?" Na ce kwalbati. Ta yi dariya ta ce daga nan fa? Na yi tunani na ce rafi, sai Usuma. Ta bi da yatsa: Usuma ta faɗa Gurara, Gurara ta faɗa Neja, Neja ta faɗa teku. Jar ƙasar da ke cika mana layi duk damina, wadda nake kwashewa da shebur ina mita, ashe wata tana tafiya har can ta kwanta. Ta nuna min layuka masu duhu ta ce zamanin ruwa ne, koguna sun cika sun kwaso ƙasa da ruɓaɓɓen ganye. A wani irin zamanin har hamadar da ke arewa da mu kore ce, da tafkuna da dorinar ruwa. Masu haske kuma zamanin fari ne. Na tuna masarar bayan Dutse, na tambaye ta ko daminar bana za ta shiga ciki. Ta ce za ta shiga, siririya kamar gashi.

Ta ce don na yanzu kuma suna da wasu na'urori da suke saki a teku, su nutse su taso da kansu, su auna ɗumin ruwa da gishirinsa su aika ta tauraron ɗan'adam. Teku ne ke shanye yawancin zafin da duniya ke ƙarawa, kuma daga shi iskar damina ke ɗauko mana ruwa. Idan aka ɗora na yanzu kusa da na laka, sai a gane ko rikicewar da muke gani ta saba faruwa, ko kuwa wannan karon ta zo da saurin da ba a saba ba.

Ina sauraro, ina ganewa, kuma ina jin haushi. Duk wannan ilimi a kan 'yata, ni ban sa ko ƙwaya ɗaya ba. Wannan tsohuwa ce ta zuba mata shi.

Muka hau sama wani ɗaki mai ɗumi. Ta zaunar da ni gaban madubin da ke ƙara girman abu, ta ajiye wani ɗan baƙin faranti a ƙarƙashinsa. Da ido kamar garin yashi ne. Da na leƙa sai na ga ƙananan ɓawo farare, wasu kamar katantanwa, wasu kamar ƙwallaye a manne. Ta ce halittu ne da ke yawo a ruwan teku, idan sun mutu ɓawonsu ya sauka ƙasa. Wasu irin sun fi son ruwan ɗumi, wasu na sanyi, kuma shi ɓawon kansa yana riƙe da alamar ruwan da ya girma a ciki. Amma sai an wanke laka an tace, an tsince iri ɗaya tak daga cikin tarkace, ɗaya bayan ɗaya, kafin na'ura ta auna. Ta nuna min irin da ake so, ta ba ni ɗan buroshi mai bakin allura ta ce in gwada.

Na karkata farantin na bubbuga gefensa, komai ya baje. Na fara daga kusurwar hagu ina bi layi-layi, mai kyau gefe, tarkace gefe. Hannuna bai tambaye ni ba. Shekara nawa ina raba shinkafa da tsakuwa?

Na ji ta tsaya a kaina. Da na ɗago tana kallon hannuna, idonta ya kawo ruwa.

"Haka take yi," in ji ta. "Wannan bugun gefen. Ban koya mata ba. Na tambaye ta a shekarar farko, ta ce tun tana shekara shida take zama kusa da ke da nata ƙaramin tire. Ta ce idan ta gama kina zuba nata cikin naki ba ki sake dubawa ba. Ta ce a nan take sanin ta yi daidai."

Ban san ta lura da wannan ba. Ni kaina ban san ina yi ba.

Birgit ta zauna ta cire tabarau. "Shekara tara ina gaya mata ta iya. Takan ce na gode, ta koma ta sake duba aikin. Ba ta yarda da ni ba. Duk takardar da ta rubuta sai ta ce ko Mama za ta ce sa'a ce. Ni ina da makullin gidanta, ke kuma..." Ta ɗaga kafaɗa. "Na daɗe ina jin haushinki tun ban gan ki ba."

Allah ya yafe min, daɗi na ji. Wani daɗi mara kyau ya ratsa ni har yatsun ƙafa, cewa ita ma tana kwana da irin abin da nake kwana da shi. Bayansa kuma kunya ta zo, ba irin ta al'ada ba.

Don in kawar da idona sai na dubi akwatunan da ke jere a teburin, ƙanana, kowane da takarda a manne. Rubutun hannu ne, na san shi, ni na saya mata littafin farko da ta yi irinsa a ciki. Yatsana ya hau kai, bakina ya bi.

"Sa-a-da-tu."

Na rufe bakina da mayafi. Na duba hagu da dama kamar uwata za ta fito daga bayan kanta. Ba abin da ya faru. Ginin bai tsage ba. Sunan ya fito da sauƙi, kuma daidai ya fito, ba kamar yadda Birgit ke murɗe shi ba. Ita ba ta ma san an yi wani abu ba, tana goge tabarau.

Muka kama hanyar dawowa. Har yanzu ba na son yadda take buɗe kabad ɗin nan. A ƙofar gida na ce mata gobe kada ta kawo miya, ni zan yi. Ta ce to, amma in rage barkono. Na ce ba zan rage ba.

Washegari bayan na idar da sallar asuba na dafa ruwan ɗumi, na dama kunun gyaɗa ba kanwa. A kan kantar falo akwai wani littafi mai baƙin bango da na daɗe ina gani ina kawar da kai, wanda ta rubuta aka ba ta digirin dakta. Na ɗauko shi na shiga ɗakinta. Tana jingine da filo, Ummi a ƙirjinta. Ta ce, "Ina kwana, Mama." Na amsa. Na ajiye kunun, na zauna a bakin gado, daidai inda matar nan ke zama. Na ɗora littafin a cinyata na ce ido ya fara ba ni matsala, bari in gwada ko zan iya karanta wannan. Kalmomin sama dogaye ne, na tsallake su. Na sauko da yatsa zuwa tsakiya, na karanta a hankali, harafi bayan harafi, yadda malamarmu ta koya mana.

"Sa'adatu."

Ummi ta ci gaba da tsotso. Ban ɗago kaina daga littafin ba.

Ta ce, "Na'am, Mama."

Na ce, "Kununki zai huce. Ki gaya wa Kabiru ya bar tikitin nan yadda yake."